Wasiƙa daga Houston: yadda Rockets ke rainon matasan 'yan wasanta na baya

Yaya, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ga amsar tambayar da ka yi mini game da yadda ƙungiyoyin ƙwallon kwando na nan Amurka suke rainon 'yan wasan baya, wato mai raba ƙwallo da mai jifa daga nesa, da kuma kayan da ya dace in aiko wa yaran da kake horarwa. Zan yi misali da Houston Rockets, domin ita ce ƙungiyar garin da nake zaune, kuma ita ce wadda Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya ciyo wa kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 1994 da 1995. Kocinta na yanzu ma, Ime Udoka, mahaifinsa ɗan Najeriya ne, shi kansa kuma ya taɓa sa rigar D'Tigers, ƙungiyar ƙasa ta Najeriya.

Batun kaya shi ne mai sauƙi. Takalmin da ke ɗauke da sunan wani tauraro yakan haura dala 100 a kanti, amma akwai shagunan da kamfanoni ke karyar da farashin na bara, alhali sau da yawa launi kaɗai ya bambanta shi da na bana. Sai dai yawancinsu an ƙera su ne domin filin katako na cikin ɗaki, tafinsu laushi gare shi, idan yaro ya riƙa gudu da shi a kan siminti irin na filinku, kafin damina ta zagayo ya suɗe. Mai taurin tafi da kuke tsinta a gwanjon Ƙofar Wambai ya fi shi daɗewa a wurinku. Haka ma ƙwallon fata na Wilson, wanda NBA ta koma amfani da shi tun 2021, siminti yana cinye shi da wuri, don haka na roba mai kauri na saya muku.

Tazarar da ke tsakaninmu da su ta fi fitowa a hidima. A 2024 Rockets ta buɗe sabuwar cibiyar atisaye tata ta kanta, da haɗin gwiwar asibitin Memorial Hermann, inda ɗan wasa ke samun fili, da ɗakin ɗaga ƙarfe, da masu duba gaɓoɓi, da abincin da aka tsara masa, duk a rufi ɗaya. A kowane filin NBA akwai kyamarori da ke bin motsin kowane ɗan wasa, ta yadda da an tashi daga wasa, mataimakin koci zai zauna da yaro ya nuna masa a allon hannu duk inda ya zubar da ƙwallo da duk inda ya bar mutuminsa ya wuce. Ƙungiyar kuma tana da ƙaramar ƙungiya a gasar G League, Rio Grande Valley Vipers, a garin Edinburg kusa da iyakar Meziko, inda take tura wanda bai samu gurbi ba domin ya buga wasa na gaske maimakon ya daskare a benci.

Kada ka ɗauka kowane yaro a Amurka haka yake samu. A ƙasa da matakin ƙwararru, kusan komai na kuɗi ne. Iyaye ne ke biyan kuɗin shiga ƙungiyoyin AAU, wato na yara da matasa masu zaman kansu, da ke wasa lokacin hutun bazara, su biya mota da otal, su biya mai horarwa na musamman da ake lissafa wa kuɗi da awa, kuma idan yaro ya gurɗe ba tare da inshora ba, kuɗin hoton gwiwa kaɗai ya isa ya hana magidanci barci. Irin abin da kake yi, ka tara yaran unguwa da la'asar kyauta, har ka saya musu ruwan leda daga aljihunka, ba kasafai ake samunsa a nan ba. Abin da talaka ke samu da sauƙi shi ne makaranta, domin sakandaren gwamnati tana da filinta na cikin ɗaki, da koci mai albashi, da jadawalin wasanni da ba ya tashi.

Duk da wannan tanadi, akwai abin da kuɗi ba ya saye, shi ne mintocin wasa. Wasa minti 48 ne, mutum biyar ne a fili, saboda haka minti 240 koci yake da shi ya raba a kowane dare, komai dukiyar mai ƙungiya. Yadda Rockets ta raba waɗannan mintoci tsakanin matasanta uku shi ne ainihin amsar tambayarka.

Bayan tafiyar tauraronta James Harden a Janairun 2021, ƙungiyar ta faɗi ƙasa warwas, kuma tsarin NBA yana ba ƙungiyoyin da suka fi shan kaye damar fara zaɓar sababbin 'yan wasa. Da wannan dama ta ɗauki Jalen Green a matsayi na biyu a 2021. Yaro ne mai gudu da tsalle kamar ba ƙashi a jikinsa, aka kuwa danƙa masa ƙwallo tun ranar farko. A kakarsa ta farko ƙungiyar ta ci wasa 20 cikin 82, a ta biyu ta ci 22, shi kuma makinsa ya tashi daga kusan 17 a kowane wasa zuwa 22. A takarda wannan ci gaba ne, amma wanda yake kallo ya san yaron ya shekara biyu yana jifa yadda ya ga dama, ba babba a gefensa da zai tsawata masa, kuma ko ya yi kuskure ba a cire shi, domin a lokacin shan kaye bai dami ƙungiyar ba. Da Udoka ya zo a 2023, aka kawo Fred VanVleet domin ya riƙe ragamar wasa, Green ya gyara tsaronsa, kuma a yaba masa, ya buga duka wasanni 82 a kaka biyu a jere. Amma jifansa bai daina tangal-tangal ba, cikin goma huɗu da ɗoriya ke shiga. Asirin ya tonu a zagayen fitar da gwani na 2025, bayan Rockets ta ci wasa 52 ta zo ta biyu a yankin yamma. A karawa bakwai da Golden State Warriors, ya ci maki 38 a wasa na biyu, a sauran shidan kuwa bai wuce 12 ba ko sau ɗaya, domin da suka riƙa tura masa mutum biyu, bai saba karanta fili ya saki ƙwallo da wuri ba. A bazarar aka haɗa shi da Dillon Brooks aka miƙa wa Phoenix Suns, aka karɓo tauraron ɗan wasa Kevin Durant. A ganina laifin ba nasa ba ne shi kaɗai, domin an ba shi mintoci a lokacin da babu gyara, sa'ad da gyaran ya zo kuma ɗabi'a ta riga ta zauna.

Reed Sheppard, wanda aka ɗauka na uku a 2024, matsalarsa ta sha bamban. A Jami'ar Kentucky sama da rabin jifansa na nesa mai maki uku ya shiga, abin da ba a cika gani ba. Amma ya tarar da ƙungiya mai neman nasara, da koci da ba ya yafe raunin tsaro, shi kuwa ba shi da tsawo sosai, sai ya ƙare kakar da abin da bai kai minti 13 a wasa ba, da maki huɗu da ɗan wani abu. Idan ya shigo za ka ga yana ɗari-ɗari, ya samu sarari amma ya miƙa wa wani, kamar mai tsoron jifa ɗaya da ya kuskure zai mayar da shi benci. Da aka tura shi Vipers a Janairun 2025, ya ci maki 49 a wasa guda. Hannun yana nan ke nan. Yaron mota ne da ya haddace hanya, amma ba a sakar masa sitiyari ba.

Amen Thompson, na huɗu a zaɓen 2023, shi ne wanda na fi amincewa da shi. Tsawonsa ya kai mita biyu, jifansa na nesa har yanzu bai kai kashi 30 cikin ɗari ba, amma Udoka bai jira jifan ya gyaru ba. Ya ba shi aiki ɗaya da zai iya tun farko, wato tare gwanin abokan hamayya da tsinto ƙwallon da ya dawo daga kwando, sannan ya riƙa ƙara masa nauyi kaɗan-kaɗan. A 2025 aka sa shi cikin mutum biyar da suka fi iya tsaro a gasar gaba ɗaya. Da VanVleet ya tsinke jijiyar gwiwa a Satumban 2025, dole ragamar ta koma hannunsa da na Sheppard, kuma abin da nake jira in gani shi ne ko Thompson zai iya raba ƙwallo idan masu tsaro suka ja da baya suka bar masa fili ya yi jifa.

Shi VanVleet ɗin nan, babu ƙungiyar da ta zaɓe shi a 2016. Toronto ce ta ɗauke shi a ƙarƙashin shugabanta na lokacin, Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ta riƙa tura shi ƙaramar ƙungiyarta yana bugawa, kuma a 2019 ya ɗaga kofin NBA. Ka lura kuma da irin waɗanda ake ɗauka daga Afirka. Gurbi na goma a zaɓen 2025 da Houston ta ba Phoenix a cinikin Durant, Khaman Maluach aka zaɓa da shi, ɗan Sudan ta Kudu dogo da ya fito daga makarantar NBA ta Saly a Senigal. Dogaye ake zuwa nema wurinmu, domin ana iya koya wa dogo wasa ko ya fara a makare, amma mai raba ƙwallo sai ya buga wasanni masu yawa tun yana ƙarami, da alƙali da agogo da maki a allo. Wannan ne muka rasa a gida, musamman tun da rikicin shugabancin hukumar ƙwallon kwando da ya ɓarke a 2017 ya dagula gasar da Kano Pillars ta saba haskawa a cikinta.

Saboda haka, ban da ƙwallaye da ragar kwando, na sa agogon ƙidayar lokaci da maƙalin waya mai ƙafa uku a cikin kayan. Ina roƙonka ka haɗa kai da masu horarwa na unguwannin da ke kusa ku tsara wasa duk Asabar, a ɗauka da waya, wani yaro kuma ya riƙa rubuta mintocin kowa da sau nawa ya zubar da ƙwallo. Yaran nan biyu da ka ce hannunsu ya faɗa, kada ka cire su a kuskuren farko, kada kuma kuskuren ya kwana ba ka nuna musu shi a bidiyo ba. Ka turo mini lambar takalmin kowannensu kafin ƙarshen wata, domin mai tafiya gida zai tashi a farkon na gaba.

Ka gaishe mini da Hajiya da yara.

Ƙaninka, daga Houston.