Majigi ko talabijin mai inci 55: wanne ya dace da kallon dangi?

Hajiya, kin ce 'yan'uwa daga Ƙaura Namoda da Talata Mafara za su sauka gidanku a Gusau da Sallah, kusan mutum talatin har da yara, kuma kina tambayar wanda ya kamata ki saya don a haɗu a kalli fim. Ga wannan taro majigi ya fi, amma da sharuɗɗa.

Talabijin mai inci 55 faɗinta kimanin mita 1.2 ne. Mutum goma zuwa sha biyu a falo, ta ishe su dare da rana, wutar da take ci kuma ba ta cika wuce wat 120 ba. Da an kai talatin, na baya sai leƙe, yara kuma su yi ta miƙewa suna tare wa manya. Majigi kuwa, in aka ajiye shi kimanin mita uku daga bango, yana ba da hoto mai inci 100, faɗin mita 2.2. Amma ba ya shiri da haske. A tsakar gida sai bayan Isha'i, a kashe ƙwan waje.

A kan haske ake cutar masu saye. Ƙananan majigi masu araha kan rubuta lumen (ma'aunin ƙarfin haske) 8,000 ko 9,000 a kwali, alhali na gaskiya bai wuce 200 ko 300 ba. Lambar da aka haɗa da "ANSI" za ki nema. Don inci 100 a waje, kada ki sauka ƙasa da 1,000. In mai ƙasa da haka ya samu, a matso da shi kusa da bango a rage hoton zuwa inci 60 ko 70. Farin bango mai santsi ya fi zanen gado, don iska na kaɗa zane.

Sai batun wuta. Majigi mai ƙwan fitila yana cin wat 250 zuwa 300, kuma bayan an kashe shi fankarsa na ci gaba da huce ƙwan. In aka ɗauke wuta ba zato, ko janareta ya mutu, ƙwan bai huce ba, haka yake lalacewa da wuri. Mai LED bai da wannan matsala, kuma inbata na ɗaukarsa. Ƙurar hunturu ma tana toshe matatar iska har majigin ya yi zafi ya kashe kansa, don haka a riƙa goge ta, kuma kada a ɗora shi a kan katifa ko darduma. Talabijin ba ruwanta da wannan hidima.

A sauti dukansu ba su da ƙarfi a fili, majigi ma ya fi rauni. A haɗa sifika da kebul, domin Bluetooth kan sa magana ta makara, baki ya motsa kafin a ji murya.

Finafinan da aka turo a filas daga shagon masu turi, a gwada su tun jajibiri. Wasu majigi na nuna hoto babu murya in sautin fim ɗin nau'in AC3 ne, filas mai tsarin FAT32 kuma ba ya karɓar fim da ya wuce 4GB. In haka ta faru, a kunna fim ɗin a kwamfuta a haɗa da wayar HDMI.