Masu neman aiki a Kaduna, ku yi hattara da masu sayar da gurbi

Assalamu alaikum. Abin da ya sami ƙanena ne ya sa na rubuta wannan, kuma da izininsa.

Tun da kamfanin da yake wa aiki a Kakuri ya rage ma'aikata, yaron nan bai zauna ba. Da safe zai ɗauki fayil ɗinsa ya bi ofisoshin titin Ahmadu Bello da makarantun kuɗi na Barnawa da Unguwar Rimi, da dare kuma ya yi ta cika fom a waya har data ta ƙare. Duk inda aka ce a turo takardu, turawa yake. To ta wannan ƙofar 'yan damfara suka shigo. Wanda ya watsa takardunsa wuri hamsin, ranar da aka kira shi aka ce an zaɓe shi, ba zai iya tuna ko ya taɓa neman wurin ba.

Wani mutum ya kira shi da cikakken sunansa, ya faɗi makarantar da ya gama da ƙaramar hukumarmu. Hausarsa tsaf, ga sallama, ga insha Allahu. Ya ce akwai gurbi a wata hukumar tarayya, na waɗanda suka yi ritaya, za a cike ba tare da talla ba, kuma kason Kaduna saura biyu. Aka jefa shi wani guruf na WhatsApp inda wasu ke ta turo hoton takardar kama aiki suna godiya ga "Oga". Ashe duk yaransu ne.

Aka fara da 15,000 kuɗin fom. Sai 40,000 na gwajin lafiya, gwajin da ba a taɓa yi ba. Sai babbar, 250,000, wai don a shigar da sunansa tsarin albashi na IPPIS. Kowane kuɗi asusu daban, sunan mutum daban. An kuma ja masa kunne kada ya gaya wa kowa, kada mahassada su ɓata. Ni da muke kwana gida ɗaya ban sani ba. Hajiyarmu kaɗai ya gaya wa, ita ta roƙi uwar adashe aka ba ta kwasarta kafin lokaci. Ya ce mata, "Hajiya, albashi biyu zan mayar miki." Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

Takardar ta zo da tambarin Najeriya da hatimi da sa hannu. Ya goge farar shaddarsa, ya hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa tashar Idu a Abuja. A bakin get ɗin hukumar mai gadi ya duba takardar, ya miƙo masa, ya ce ba shi ne na farko da ya zo da irinta ba. Ya kira Oga, waya a kashe. Kafin ya dawo Kaduna an cire shi daga guruf.

Jama'a, neman aikin soja ko ɗan sanda ko kwastam kyauta ne, su da kansu suna nanatawa duk lokacin ɗauka. Tun bayan turmutsutsun ɗaukar ma'aikatan shige da fice na Maris 2014, wanda aka karɓi naira 1,000 hannun kowa kuma aka rasa rayuka, ya kamata maganar kuɗin fom ta riƙa tsorata mu. Ba a biyan kuɗin shiga IPPIS, ma'aikatar da ta ɗauke ka ce ke tura sunanka. Hukumar gwamnati ba ta turo takarda ta Gmail, kuma ba ta karɓar kuɗi a asusun wani mutum. Wanda ya nemi BVN ɗinka ko lambar sirrin da banki ya turo maka, kashe wayar kawai.

Abin da na sa ƙanena yake yi yanzu, ya sayi littafi, duk inda ya kai takarda ya rubuta sunan wurin da rana da wanda ya karɓa. In aka kira daga wurin da babu a littafin, sai ya taka da ƙafarsa ya gani kafin komai.

Wanda irin wannan ta faɗa wa, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya ajiye rasit da lambar asusun da saƙonnin, ya sanar da bankinsa ranar, ya kai ƙara ofishin EFCC na nan Kaduna. Mu mun kai namu. Hajiya dai har yau tana zubin adashen nan duk Juma'a.