Na'urar POS a kasuwar Maigatari: taransifa ta gamsar, kati ya ba da kunya

Wata takwas ke nan na'urar tana aiki a rumfa, kuma ta wajen taransifa sai yabo. Mai saye zai tura zuwa lambar asusun da ke manne a jikinta, kafin ya mayar da waya aljihu ta yi ƙara, rasit ya fito. Tun ƙarancin takardun naira na 2023, mutanen ƙauyukan nan sun rage hawa mota zuwa Gumel don bin layin banki. Kamfanin da ya ba da na'urar ba shi da reshe a nan. Yana yankar kasonsa a kowace cira, ya bar wa wakili, wato mai POS, kuɗin rumfa, caji da haɗarin riƙe tsabar kuɗi.

Matsalar tana wajen kati, ranar Alhamis da azahar, lokacin da kasuwa ta cika, sabis ya yi nauyi. Wani dillalin awaki ya sa kati zai ciri naira 80,000. Na'urar ta daɗe tana juyi, rasit ya fito da lamba 91 maimakon 00 mai nuna an yi nasara, shi kuwa alat ya shigo masa. "Malam, an cire mini, ba ni kuɗina." Lamba 91 na nufin bankin mai katin ko layin da ke tsakani bai amsa a kan lokaci ba, kuɗin bai shigo asusun wakili ba, ya maƙale a hanya. Kada a biya, kada a sake sa katin, don ana iya cira sau biyu. A ɗauki hoton rasit nan take, domin rana tana goge rubutun takardar. Lambar RRN mai alƙaluma 12, wato lambar shaidar cirar da ke jikin rasit, ita mai kati zai kai bankinsa.

Babban Bankin Najeriya ya ce a warware irin wannan cikin awa 72. Wannan sai da ya kwana shida. Ba ofis, ba wanda za a kira. Manhajar kamfanin, saƙo ɗaya take maimaitawa, bawan Allah kuwa kullum yana bakin rumfa, mutane na kallon wakili kamar shi ya danne kuɗin. Wannan ya ci mini rai ƙwarai, don mutunci ne jarin mai POS a ƙauye.

Batirin yana kai la'asar, layi biyu take ɗauka. Amma ranar kasuwa, duk wanda ke da waya gara a ce masa ya yi taransifa, katin a bar shi sai sabis ya saki.