Shagon Littattafan Kirista a Zinder: Kantar Baya Ta Fi Ta Gaba

Masu bi a Damagaram ba su da yawa, saboda haka duk wanda ya buɗe shagon littattafan Kirista a garin nan ya san ba arziki zai tara ba. Shagon da nake magana a kansa ɗaki ɗaya ne a jikin katangar wata majami'a, wani dattijo ke tsaronsa, kuma yawancin kayansa daga Kano da Jos ake kawo su.

Alherin wurin yana kantar baya. Akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa da na Faransanci, da littattafan waƙoƙin sujada, da na makarantar Lahadi. Dattijon ya san kayansa: zai bambanta maka fassarar da ta fara fitowa cikakkiya a 1932 da waɗanda suka biyo bayanta masu sauƙin karatu, kuma in ya lura idonka ya yi rauni sai ya ɗauko maka mai manyan baƙaƙe. Farashi yana bin hawa da saukar naira a kan sefa, amma ba ya ɓoye maka hakan, har yakan bar masu wa'azi daga ƙauyuka su biya kaɗan-kaɗan.

Kantar gaba ce ta dame ni, domin ita ido ke fara gani. An jera kwalaben man zaitun da takarda a jikinsu mai alkawarin waraka da buɗin kasuwa da samun aure, ga hankici da robobin ruwa da aka ce an yi musu addu'a, kuma kuɗin ƙaramar kwalba ɗaya ya kusa na Sabon Alkawari. Sayar da littafi ba laifi ba ne, gama akwai takarda da ɗab'i da kuɗin mota a kansa, kuma Luka 10:7 ya ce ma'aikaci ya cancanci ladansa. Amma wanda ya sayi wannan kwalba ba kuɗin mai ya biya ba, addu'a aka sayar masa. Masu kare abin sukan kawo Yakubu 5:14, inda aka ce marar lafiya ya kira dattawan ikkilisiya su yi masa addu'a su shafa masa mai, ko Ayyukan Manzanni 19:12, inda aka riƙa kai wa marasa lafiya ƙyallayen da suka taɓa jikin Bulus a Afisa. Duk wuraren biyu babu maganar farashi. Inda kuɗi ya shigo kuwa shi ne Ayyukan Manzanni sura ta 8, sa'ad da Siman na Samariya ya so sayen baiwar Allah, Bitrus ya tsauta masa da kakkausar murya.

Na ce da dattijon, “Baba, me ya kawo waɗannan kwalabe cikin littattafai?” Ya ce, “Ɗana, mutum yakan sayi Littafi Mai Tsarki ɗaya ya shekara goma da shi, mai kuwa kowane mako ake nema, shi ke biyan wuta.” Na yaba da gaskiyarsa, ko da yake amsar ta nuna laifin ya fi zama wuyanmu, mu masu saye, da shugabannin da suka gani suka yi shiru. Mishan ta SIM, ƙungiyar masu wa'azin bishara daga ƙasashen waje, ta fara aiki a garin nan a 1924, kuma a ranar 16 ga Janairu 2015 an ƙona mana majami'u. Waɗanda suka ci gaba da sujada a makonnin da suka biyo baya ba su da komai a hannu sai addu'a da waƙa. Jama'a mai irin wannan tarihi bai kamata ta koyi saka wa albarka kuɗi ba.

Wani abin gyara kuma shi ne buɗe shagon ranar Lahadi tun kafin a tashi daga sujada, wanda ke sa wasu su sulale kafin addu'ar ƙarshe. Da dattawan ikkilisiya za su ɗauki kuɗin wutar daga cikin baiko, da dattijon ya rasa hujjar ajiye kwalaben. Kafin a yi hakan, mai neman littafi ya je a tsakiyar mako da safe, lokacin da babu cunkoso kuma dattijon yana da sukunin yi masa bayani, ya kuma riƙe tsabar kuɗi domin ba a karɓar biya ta waya.