Mako takwas a ajin koyon natsuwa

Ba ni na kai kaina ba. Yayata ce ta rubuta sunana, sannan ta kira ni ta ce, "Ranar Talata da yamma ne, kuma kada ka ce mini aiki ya riƙe ka." A lokacin na shafe wajen wata biyar rabona da barcin kirki. Ƙarfe uku na dare idona biyu, ina ƙirga aikin da ban gama ba, ina sake jin maganar da wani ya yaɓa mini a ofis tun makon jiya, har ina tsara amsar da ya kamata in ba shi. Gari ya waye muƙamuƙina na ciwo saboda cizon haƙora, yara su ɗan yi motsi in daka musu tsawa. Likita ya auna ni ya ce jinina ya fara hawa, bai kai na shan magani ba tukuna, amma in rage damuwa. Sai ka ce damuwa riga ce da mutum zai tuɓe ya rataye.

A wani ɗakin taro na unguwa ake yin ajin. Mu goma sha huɗu ne, sau ɗaya a mako, awa biyu da rabi, har mako takwas, da yini guda na shiru da ake warewa bayan mako na shida. Wasu kan kira abin "tunani mai zurfi", kuma wannan sunan shi ya fara ɓatar da ni, don na je da zaton za a sa mu zurfafa tunani ne, ni kuwa tunanin ne ya ishe ni. Ashe ba haka ba ne. Horo ne na tattara hankali a kan abin da ke faruwa yanzu, kamar numfashi ko motsin jiki ko sautin da ke shiga kunne, da gangan, ba tare da yanke wa abin hukuncin kyau ko muni ba.

Malamar da ke koyar da mu ta ce tsarin da take bi shi ne wanda ake kira MBSR, wato rage damuwa ta hanyar tattara hankali. Wani masanin kimiyya mai suna Jon Kabat-Zinn ne ya fara shi a shekarar 1979 a cibiyar kiwon lafiya ta Jami'ar Massachusetts da ke Amurka, don marasa lafiya masu fama da ciwo mai naci, waɗanda magani bai gama raba su da shi ba. Ba ta ɓoye mana cewa dabarun sun samo asali daga koyarwar mabiya Buddha ba. Nan na ɗaga hannu. Ni mutum ne mai riƙo da addinina, kuma ban zo in gauraya shi da wani abu ba. Na ce, "Malama, akwai wani abu da za mu riƙa faɗa ko mu rusuna masa?" Ta ce babu, kuma duk ranar da na ga wani abu da ya yi kama da haka in tashi in fita, ba wanda zai riƙe ni. Na zuba ido har mako takwas ban gani ba. Numfashinka ne da jikinka da kujerar da kake zaune a kai.

Darasin farko shi ne abin da na sa wa suna zagayen jiki. Kowa ya shimfiɗa tabarmarsa ya kwanta rigingine, Malama ta riƙa jan hankalinmu daga yatsun ƙafar hagu, zuwa tafin ƙafa, zuwa idon sawu, haka sannu a hankali har tsakar ka, wajen minti arba'in da biyar. Ba a ce ka saki jiki ba, ba a ce ka gyara komai ba, kawai ka lura da abin da ke wurin: ɗumi ne, sanyi ne, tsami ne, ko ba ka jin komai. Ni dai a gwiwar hagu aka rabu da ni. Sai farkawa na yi na ga ana naɗe tabarmi, wani dattijo da ke kusa da ni yana ƙunshe dariya. Ya ce, "Ɗana, ai minsharinka muka yi ta lura da shi." Kunya ta kama ni, amma a raina na ce ko banza na samu barcin da na daɗe ina nema.

Wahalar gaske sai da aka zo zaman lura da numfashi. Umarnin gajere ne: ka zauna a miƙe, ka sa hankalinka inda ka fi jin shigar iska da fitarta, ko a hanci ko a ciki, in hankalin ya tafi ka dawo da shi. Na ɗauka wasan yara ne. Wallahi numfashi uku ban cika ba na tsinci kaina a ofis ina gardama da maigidana a wurin aiki. Na dawo. Numfashi biyu, na tafi kuɗin makarantar yara. Na dawo. Sai ƙaiƙayi a bayan kunne, sai tunanin ko na kulle mota, sai haushin kaina da na kasa abin da bai fi shaƙar iska ba. Da aka zo tattaunawa na ce ni dai abin ba nawa ba ne, kaina ba ya yin shiru. Malama ta tambaye ni sau nawa hankalina ya gudu. Na ce ya fi talatin. Ta ce, "To sau talatin ka lura ya gudu, sau talatin ka dawo da shi. Dawowar nan ita ce aikin, ba shirun ba."

Na daɗe ina juya wannan magana. Da ma ni a zatona burin shi ne kai ya zama wayam, babu tunani ko ɗaya, kuma duk wanda ya je da wannan zaton zai gudu a mako na biyu yana ganin ya faɗi jarrabawa. Yawon hankali ba cuta ba ce da ta kama ni ni kaɗai. Malama ta ba mu labarin wani bincike da masana biyu na Jami'ar Harvard suka wallafa a 2010, inda suka riƙa aika wa mutum 2,250 tambaya ta waya a lokuta daban-daban na yini, suka gano kusan kashi 47 cikin ɗari na lokacin hankalin mutanen ba ya kan abin da suke yi. Kusan rabin rayuwa ke nan mutum na wani wuri. Na ji sanyi da na san ba ni kaɗai ba ne, na kuma ɗan tsorata.

Mako na uku da na huɗu sun fi kowanne ɗaci, kuma wannan ba a gaya mini tun farko ba. Maimakon damuwar ta ragu, sai na ji kamar ƙaruwa take yi. Daga baya na gane ba ƙaruwa ta yi ba, ganinta na fara yi. Da can kafaɗuna a ɗage suke yini har kusa da kunne ban sani ba, yanzu ina sane. Da can ina riƙe numfashi duk sanda zan buɗe saƙon wurin aiki ban taɓa lura ba, yanzu ina kama kaina dumu-dumu. Kamar wanda ya kunna fitila a ɗakin da ya shekara bai share ba. Saura kaɗan in daina zuwa. Abin da ya hana ni, in faɗi gaskiya, ba wata hikima ba ce, kunyar idon dattijon nan ce. Duk Talata sai ya tare ni a ƙofa ya ce, "Ɗana, yaya aikin gida?" in ce, "Baba, sai a hankali," ya ce shi ma haka. Na taɓa sauke manhajar natsuwa a waya har sau biyu, ko mako ban yi ba na manta da ita. Manhaja ba ta san ka yi fashi ba, Baba kuwa ya sani. A ganina rabin amfanin ajin unguwa a nan yake.

A mako na biyar abin ya fara nuna kansa, kuma ba a kan tabarma ba. Wani dare ƙaramin ɗana ya kifar da kofin ruwa a kan takardun da na kwana biyu ina haɗawa. Na san yadda irin wannan ke ƙarewa a gidana: tsawa, kuka, sannan in kwana ina jin haushin kaina. Amma a wannan karon, kafin muryata ta fito, na ji zafin yana tasowa daga ƙirji, na ji haƙorana sun haɗu, na ji hannuna ya dunƙule. Na gan shi yana zuwa. Tsakanin ganin da tsawar akwai wata 'yar tazara da ba ta fi numfashi ɗaya ba, kuma a cikinta na samu na ce masa ya kawo tsumma. Raina ya ɓaci, ba zan yi ƙarya ba, takardun kuma sun lalace. Amma yaron ya kwanta ba da kuka ba.

Malama ta yi mana bayanin abin da ke faruwa a jiki a irin wannan lokaci. In ƙwaƙwalwa ta hango barazana, wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda sukan saki sinadaran adirenalin da kotisol, zuciya ta ƙara gudu, tsoka ta ɗaure, numfashi ya gajarce, jiki ya shirya faɗa ko gudu. Matsalar ita ce jiki ba ya bambanta zaki da saƙon maigida. Horon bai hana wannan tashin ba. Abin da ya koya mini shi ne in gane alamunsa da wuri, tun ina iya zaɓar abin da zan yi. Ta kuma ba mu wani ɗan gajeren zama na minti uku: minti ɗaya ka duba halin da kake ciki, minti ɗaya a kan numfashi, minti ɗaya ka faɗaɗa zuwa jiki duka. Cikin duk abin da aka koya mana shi na fi amfani da shi, galibi a cikin mota kafin in shiga gida.

Yinin shirun, awa shida ba magana ba waya, na yi zaton zai kashe ni. Bai kashe ni ba, bai kuma yi mini wani abin mamaki ba, in ban da ciwon baya.

Yanzu ga inda ajin ya gaza. Aikin gida minti arba'in da biyar ne kullum, kwana shida a mako. Ga mai aiki da iyali wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba a faɗa mana kafin mu shiga ba. Ni ban taɓa wuce minti ashirin ba, shi ma kwana huɗu a mako in an yi sa'a, har na riƙa zuwa aji da nauyin laifi, wato na je rage damuwa na ƙaro wata. Mutum huɗu sun zame kafin a gama, na kuma tabbata wannan na cikin dalili. Ga wani bawan Allah da ke cinye lokacin tattaunawa da labarin rayuwarsa duk mako, Malama kuma ta cika kawaici, ba ta iya katse shi.

Sannan Malama takan zuzuta abin fiye da kima, har ka ɗauka maganin kowace cuta ne. Wani babban nazari da aka wallafa a mujallar JAMA Internal Medicine a 2014 ya tattara gwaje-gwaje 47 da suka haɗa mutum 3,515. Ya samu hujja matsakaiciya cewa irin wannan horo na rage fargaba da baƙin ciki mai naci da raɗaɗin ciwo, amma hujjar rage damuwar yau da kullum ba ta da ƙarfi sosai, kuma bai ga alamar cewa horon ya fi magani ko motsa jiki ba. Wannan ya fi kama da abin da na gani a kaina: sauƙi ne, ba warkewa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na wata baiwar Allah da ba ta daɗe da rasa mijinta ba. Ana tsakiyar zagayen jiki a mako na biyu, da aka zo ƙirji, sai numfashinta ya sarƙe, ta tashi zumbur ta fita tana kuka. Malama ta bi ta, ta rarrashe ta, ta ce ta riƙa barin idonta a buɗe, amma ba ta sake dawowa ba. Ba wanda ya tambaye mu komai game da halin da muke ciki kafin a karɓe mu, suna da lambar waya kawai. Wannan sakaci ne. Akwai masu bincike, irin su Willoughby Britton ta Jami'ar Brown, da suka daɗe suna nuna cewa zaman shiru na iya tayar wa wasu da tsohon miki ko ya ƙara musu fargaba. Duk wanda ke ɗauke da sabon rashi, ko wani tashin hankali da bai warke daga gare shi ba, ko ciwon ƙwaƙwalwa da ake duba shi a kai, ya fara magana da likitansa, ya kuma gaya wa mai koyarwa tun ranar farko.

Kuma ajin bai rage mini aiki ko ɗaya ba. Abin da ke kan teburina na nan yadda na bar shi. Sai da na cire kunya na zauna da maigidana na ce masa aikin mutum biyu nake yi. Abin da zan iya cewa shi ne na yi maganar muryata ba ta rawa, ban kuma faɗi abin da zan yi nadama ba.

Yau wata uku da gamawa. Ina zama minti goma da safe, ba kullum ba. Jinina ya ɗan sauka, amma na fara tafiya a ƙasa da yamma a daidai wannan lokacin, don haka ba zan ɗora wa ajin yabon da ban tabbata nasa ba ne. Har yanzu ina farkawa ƙarfe uku, kamar sau biyu a mako maimakon kullum. In na farka ba na shiga gardamar ofis, sai in koma yatsun ƙafar hagu in fara hawowa. Malama ta sha faɗa mana cewa zagayen jiki don farkawa aka yi shi ba don barci ba, amma ni har yau da wuya in wuce gwiwa.

In za a ce in ba shi maki, bakwai cikin goma zan ba shi, kuma da an tantance mutane kafin a karɓe su da na ƙara ɗaya. Yayata ta kira ni shekaranjiya tana tambaya ko ta rubuta sunan mijinta a zagaye na gaba. Na ce, "Yaya, ki rubuta, amma ki gaya masa zancen minti arba'in da biyar ɗin tun yanzu, kuma ya nemi wuri kusa da Baba, don na ji ya ce zai maimaita."