Bidiyon taimako a kyamarar fim: mai madubi mai juyawa da mai firizim

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya tambaya ko ƙaramar kyamarar bidiyon da ake maƙala wa kyamarar fim, domin darakta ya riƙa kallo a monita, tana rage hasken da ke isa kan fim. Malam, amsar ta dogara ne da yadda aka ƙera cikin kyamarar, kuma iri biyu ne ya kamata a jera.

Na farko shi ne mai madubi mai juyawa, tsarin da kamfanin Arri na Jamus ya fito da shi a kyamarar Arriflex 35 a 1937. Faifan da ke buɗe wa fim haske yana rufewa, shi ne kuma madubin. Idan ya kauce, duk hasken da ya ratso ruwan tabarau yana sauka kan fim. Idan ya dawo ya tare, a daidai lokacin da ake jan fim zuwa hoto na gaba, sai ya karkatar da hasken zuwa wani gurzajjen gilashi wanda mai ɗauka ke leƙawa. Kyamarar bidiyon tana ɗaukar hotonta ne daga wannan gilashin, saboda haka fim bai yi asarar komai ba. A gudun hoto 24 a daƙiƙa, da faifai mai buɗin digiri 180, wato rabinsa a buɗe, kowane hoto yana samun kashi 1 cikin 48 na daƙiƙa, ko da bidiyo ko babu. Wanda ke shan wahala shi ne idon mai ɗauka, domin daga rabonsa ake yanko wa bidiyon, har wurin leƙen ya dushe ya sa saita kaifin hoto ya yi wuya a ɗaki mai duhu. Hoton monita kuma yakan yi ƙyifce-ƙyifce saboda juyin madubin, sai a na'urorin baya-bayan nan da aka yi wa maganin hakan.

Na biyu shi ne mai firizim kafaffe, irin Bolex H16 Reflex ta ƙasar Suwizaland da yawancin kyamarorin ƙaramin fim ɗin nan mai suna Super 8. A nan babu karɓa-karɓa: firizim, wato wani dunƙulen gilashi mai raba haske, yana zaune tsakanin ruwan tabarau da fim, yana ɗebe wani kaso na hasken a kowane lokaci yana aika wa wurin leƙe. Shi ya sa masu Bolex ke lissafin hasken da fim ke samu da kashi 1 cikin 80 na daƙiƙa a gudun 24, alhali ainihin buɗin faifanta kashi 1 cikin 65 ne. Amma a lura, wannan asara tana nan tun daga masana'anta, kuma maƙala bidiyo a bakin wurin leƙe ba ya ƙara ta ko kaɗan. Hoton monita a nan ba ya ƙyifce-ƙyifce sosai, sai dai ya fi duhu, musamman idan aka tsuke bakin ruwan tabarau.

Akwai kuma tsohuwar dabarar ɗaura kyamarar bidiyo a gefe, kamar yadda ɗan wasa kuma darakta Jerry Lewis ya yi a Amurka a 1960; ba ta taɓa haske, amma abin da take gani ya ɗan saɓa da abin da fim ke ɗauka.

A ganina, inda bidiyon taimako ke ɓata haske da gaske ba ta cikin kyamara ba ne. Da zarar mai ɗauka ya cire idonsa ya koma kallon monita, fitila ko rana da ke bayansa tana iya kutsawa ta wurin leƙe ta yi wa fim hazo, don haka dole a rufe murfinsa ko a manna masa baƙin tef. Sannan kyamarar bidiyon tana ƙara hasken hotonta ko ta rage shi da kanta, ba tare da la'akari da ƙarfin fim ɗin da aka loda ba. Darakta zai iya ganin fuskar ɗan wasa tas a monita, a wanko fim a tarar duhu ya cinye ta. Monita na duba tsarin hoto ne da motsin 'yan wasa, bakin ruwan tabarau kuwa da na'urar auna haske ake saita shi, a kyamarorin biyu duka.