Famfon Sola a Wurin Kiwo: Ra'ayina Bayan Shekara Biyu da Amfani da Shi

Shekara biyu ke nan da na sa famfo mai aiki da hasken rana a rijiyar burtsatsen da nake shayar da shanuna, kuma tun da injin ya ga rani biyu da damina biyu, ina jin na samu bakin faɗin abin da na gani a kansa. Garkena bai wuce shanu 70 ba, har da maruƙa. A lokacin zafi babbar saniya takan sha lita 40 zuwa 50 a rana, mai shayarwa kuma ta zarce haka, tun da kusan kashi 87 cikin 100 na madara ruwa ne. Ke nan kullum ina bukatar lita 3,000 ko fiye, ban da ruwan da iyali ke amfani da shi a gida. Da janareta nake jawo wannan ruwa a da, kuma duk ranar da mai ya yanke ko injin ya ƙi tashi, babban ɗana ne yake ajiye littattafansa ya kora garken zuwa tafki mai nisa, inda ruwan kwance yake cike da katantanwar da ke yaɗa tsutsar hanta.

Famfon da na saya irin wanda ake zurawa cikin rijiya ne, mai murɗaɗɗen ƙarfe da ke juyawa cikin roba yana tura ruwa sama. An ba ni shawarar ɗaukar wannan a kan irin mai fanka saboda rijiyata mai zurfi ce, famfon yana zaune ne a mita 45, kuma wannan nau'i yakan fara aiki ko da hasken bai yi ƙarfi ba. Tare da shi akwai farantan sola 3, kowanne mai wat 300, da akwatin da ke daidaita wuta, da tanki mai cin lita 10,000. Babu batir a cikin tsarin, kuma da farko hakan ya dame ni, sai mai haɗawar ya ce da ni, “Malam, tankin nan shi ne batirinka. Ruwa za ka tara, ba wuta ba.” Yanzu na yarda da maganarsa, domin batir yakan mutu cikin 'yan shekaru, tanki kuwa ba ya bukatar komai sai a wanke shi.

Ta fuskar aiki ban ga abin kushewa ba. Da hantsi ruwa yake fara zuba a tanki siriri, kamar ana tsiyaya daga buta, zuwa tsakar rana kuma bututun ya cika, har mutum yana jin ƙarar zubarsa daga inda ake tatsa. A ranar da gari ya yi garau ina samun lita 7,000 zuwa 8,000. Idan hazo ya sauka ko gajimare ya rufe sama, abin yakan ragu zuwa rabi, wani lokaci ƙasa da haka, kuma a nan ne girman tanki yake nuna amfaninsa, tun da cikinsa ɗaya yana riƙe garken kwana uku. Ƙura ma tana rage ƙarfin farantan fiye da yadda na zata, shi ya sa goge su da tsumma mai laushi ya zama aikin ƙaramar 'yata duk bayan kwana uku da safe, aikin da take yi da alfahari kamar ita ta ƙera su.

Abin da ya fi burge ni game da masu haɗawar shi ne sun ƙi sayar mini da komai sai da suka gwada rijiyar, suka ja ruwa na tsawon awanni suna auna yadda yake sauka da yadda yake dawowa. Na so famfon da ya fi wannan girma, suka hana ni, suka ce idan ya fi ƙarfin rijiyar zai ƙafar da ita ya riƙa juyawa ba ruwa, wanda shi ne abin da ya fi saurin kashe irin wannan inji. Inda suka gaza kuwa shi ne kariya daga tsawa. Ba su binne ƙarfen da ke kai wutar tsawa ƙasa ba, ba su kuma gaya mini ana bukatarsa ba, sai da akwatin wutar ya ƙone a daminar farko. Mako uku ina kiran waya kafin a kawo wani, kuma da a ce cikin rani abin ya faru, da asarar ba ta tsaya a kan akwati ba. Ƙaramin makunnin da ke tsayar da famfo idan tanki ya cika shi ma ya taɓa maƙalewa, ruwa ya wuni yana malala har gindin tankin ya zama taɓo. Duk mai niyyar saye ya tabbatar an rubuta masa waɗannan biyu a cikin yarjejeniya, ya kuma tambayi inda ake samun kayan gyara kafin ya ba da kuɗinsa.

Akwai kuma abin da takardar kamfani ba ta faɗa, wato ruwa ba ya ɓoyuwa. Ba a yi wata guda ba maƙwabta suka fara zuwa da dabbobinsu, kuma ban ga yadda zan bar tanki yana cike in hana mutanen da muka tashi tare ba. Mahaifina, wanda shi ya bar mini garken, ya kira ni ya ce, “Ɗana, ka ba su, amma ka tsara, in ba haka ba alherin ne zai raba ku.” Sai muka zauna da su muka yi ƙa'ida. Gida ne ke fara ɗiba, sannan garkena, sannan na maƙwabta bayan azahar, lokacin da tanki ya sake tasowa. Na gina musu komin shayarwa daban, na ja masa bututu zuwa nisan mita 200, saboda cututtuka irin su boru, wato ciwon baki da kofato, da ciwon huhu suna saurin yaɗuwa a inda garke daban-daban suke cunkusuwa suna tsoma baki wuri ɗaya, ga shi kuma kofato yana kashe ciyawar da ke kewayen komi har ƙasa ta zama fako. Kowane gida yana zuba ɗan abin da ya sawwaƙa a asusun gyara, wanda wani dattijo a cikinsu yake riƙewa, ba ni ba, don kada a ce sayar da ruwa nake yi. An samu ƙorafi sau ɗaya ko biyu a ranakun hazo, lokacin da na ce sai dai a jira gobe, amma da yake kowa yana ganin tankin da idonsa, maganar ba ta yi nisa ba.

Kuɗin farko yana da nauyi, sai da na fitar da bijimai daga garke kafin na haɗa shi, kuma ba zan ba wanda yake yawan ƙaura da shanunsa shawarar ya saya ba, haka ma wanda rijiyarsa take fitar da yashi, domin yashi yana cinye robar da ke cikin famfon. Amma ga mai kiwo a wuri guda, mai rijiyar da aka gwada aka tabbatar da ƙarfinta, ina ganin ya cancanci kuɗinsa. Ɗana bai sake fashin makaranta saboda shayarwa ba, madarar rani ba ta faɗuwa kamar da, kuma na rage sayen maganin tsutsar hanta tun da garken ya bar tafki. Kuskurena ɗaya shi ne na auna tanki da bukatar garkena kaɗai, ban sa maƙwabta a lissafi ba, don haka tanki na biyu nake shirin ɗorawa kafin rani ya shigo, kuma wannan karon sai an fara zuba masa ginshiƙan siminti, tun da ruwa lita 10,000 nauyin tan 10 ne.